Gida a Birmingham, mai shi a Kano: kamfanin intanet mai araha ko dillalin unguwa

Gidan ƙarami ne, mai ɗakin kwana biyu, cikin jerin tsofaffin gidajen jan bulo da ke manne da juna a birnin Birmingham. A ƙasa falo da kicin, a sama ɗakuna biyu da banɗaki, banɗakin kuma daidai saman kicin yake. Mai gidan ma'aikacin lafiya ne da ya yi shekaru yana aiki a Ingila, ya sayi gidan, daga baya ya tattara ya koma Kano, ya ba da shi haya a farkon 2023 kan fam 900 a wata. An harhaɗa lamarin ne daga matsalolin da suka fi addabar masu gidajen da ke nesa. Kuɗin haya da na gyara misali ne na lissafi, amma wa'adi da tara da aka ambata na dokar Ingila ne.

Lissafin da ya ja hankalinsa

Hayar shekara fam 10,800 ce. Dillalin da ke da ofis a bakin titin unguwar ya nemi la'adar kashi 12 cikin 100 don kula da gidan gaba ɗaya. Idan aka ɗora harajin VAT na kashi 20 a kan la'adar, ta koma kashi 14.4, wato fam 1,555 a shekara. Wani kamfanin intanet kuwa ya ce fam 50 a wata, haraji a ciki, fam 600 ke nan. Tazarar fam 955 ce, kuma a kanta ya yanke shawara.

Wannan tazarar hayar wata ɗaya ce da 'yan kai. Don haka tambayar da ta dace a yi tun farko ita ce: akwai abin da zai iya faruwa a gidan nan cikin shekara, wanda rashin mutum a kusa zai sa ya ci fiye da hayar wata ɗaya? A tsohon gida mai wayarin da bututun da aka yi ta faci, amsar ba ta da wuyar samu.

Ba a raina abin da kamfanonin intanet suka kawo ba. Manyan shafukan tallar gidaje, Rightmove da Zoopla, ba sa karɓar talla kai tsaye daga hannun mai gida, sai ta hannun dillali. Kamfanoni irin su OpenRent, wanda ya fara aiki a 2012, su suka buɗe wa ƙaramin mai gida wannan ƙofar da kuɗi kaɗan. Suna binciken ɗan haya, su shirya takardar yarjejeniya, su yi rajistar kuɗin ajiya da ɗan haya ke bayarwa a matsayin jingina, su aiko da tunatarwa idan wata takarda ta kusa ƙarewa. A aikin takarda, da yawansu sun fi ƙananan dillalai tsari. Mai gidan da ke zaune tafiyar minti goma daga gidansa, yana da makulli a aljihu da lambar mai gyaran famfo a waya, asara yake yi idan yana ba dillali kashi 14 don aikin da shi da kansa zai iya. Matsalar wannan mai gidan ita ce ya sayi tsarin da aka gina domin na kusa, alhali jirgi da biza ne tsakaninsa da ƙofar gidansa.

Sharuɗɗa huɗu suna nan a rubuce cikin kwangilar kamfanin, ba a ɓoye su ba. Kamfanin ba ya riƙe makulli. Zuwa duba gida aiki ne na daban da ake biya idan an nema. Duk gyaran da ya haura fam 150 sai mai gida ya amince ta manhaja. Neman lasisin hukuma, idan unguwar na buƙata, nauyin mai gida ne. Kusan duk abin da ya biyo baya daga waɗannan layukan ya fito.

Shigar ɗan haya

Wannan ɓangaren ya tafi daidai. An samu magidanci mai mata da ƙaramin yaro, an tabbatar yana da izinin zama da kama haya kamar yadda doka ta wajabta a Ingila tun 2016. An karɓi kuɗin ajiya fam 1,038, wato hayar mako biyar, iyakar da dokar 2019 ta yarda, aka saka su a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su kafin kwana 30 su cika. Wanda ya saɓa wannan wa'adin kotu na iya sa shi ya biya ɗan haya har ninki uku na kuɗin, a nan fam 3,114. Takardar lafiyar gas ta shekara-shekara daga injiniya mai rajistar Gas Safe, rahoton wayarin na EICR da ake sabuntawa duk shekara biyar, takardar EPC ta auna yadda gida ke cin makamashi, da ba ta gaza matakin E ba, ƙararrawar hayaƙi a kowane hawa, duk sun cika.

Abu uku ne suka zame. Na farko, rubuta kayan gida da halin da suke ciki a ranar shiga, da hotuna masu kwanan wata da sa hannun ɗan haya, kamfanin ya sa shi cikin ayyukan zaɓi. Mai gida ya tsallake, ya dogara da hotunan talla. Na biyu, a gurbin adireshi ya rubuta na Kano. Sashe na 48 na dokar mai gida da ɗan haya ta 1987 ya ce dole a ba ɗan haya adireshi a Ingila ko Wales da zai riƙa kai wa mai gida notis, kuma har sai an ba shi, haya ba ta zama wajibi a kansa ba a idon doka. Manhaja ta karɓi abin da aka cika mata. Dillalin da ke zaune da mutum a tebur zai sa adireshin ofishinsa ba tare da an tambaye shi ba.

Na uku haraji. A watan farko ya ga fam 680 a asusunsa maimakon 850. Ba kuskure aka yi ba. Wanda ke zaune a wajen Birtaniya wata shida ko fiye, duk mai karɓar masa haya dole ya cire kashi 20 bayan an ɗebe kuɗin hidima, ya miƙa wa hukumar haraji ta HMRC duk wata uku. Kashi 20 na 850 shi ne 170. Hanyar kauce wa wannan ita ce cika takardar NRL1 tun kafin ɗan haya ya shiga, HMRC ta rubuta wa mai karɓar hayar ta ba shi izinin biya ba cirewa, sannan mai gida ya riƙa shigar da bayanin harajinsa da kansa kowace shekara. Wanda ke waje ba ya iya amfani da shafin HMRC na kyauta wajen cika shafukan da suka shafi mazauna ƙetare. Ko dai ya aika ta takarda kafin 31 ga Oktoba, ko ya sayi manhajar 'yan kasuwa ko ya ɗauki akanta kafin 31 ga Janairu.

Sanyin Janairu

Wani dare da sanyi ya kai ruwa na daskarewa, boilar da ke ɗumama gida da ruwan wanka ta tsaya, tana wani gurgur kamar ana kurkurar baki. Ɗan haya ya shigar da ƙorafi a manhaja. Manhaja ta samo injiniyan gaggawa daga jerin 'yan kwangilarta na ƙasa baki ɗaya, kuɗin fitowa fam 180. Ya haura 150, sai aka tura wa mai gida imel ana jiran amincewarsa. Bai gani ba sai washegari da yamma, injiniyan kuma bai samu zuwa ba sai kwana na biyu. Dare biyu ke nan da ƙaramin yaro a gidan da babu ɗumi.

Abin da ya lalace ba ya buƙatar injiniya. Boilar zamani tana fitar da ruwan tururi ta wani siririn farin bututun roba da ke bi ta bangon waje zuwa magudana. Idan ruwan ya daskare a gwiwar bututun, sai ya koma baya, boila ta kashe kanta don kariya. Ana zuba ruwan ɗumi a kan bututun daga waje, ba tafasasshe ba don kada robar ta tsage, sannan a danna maɓallin sake kunnawa. Minti goma. Maganin dindindin shi ne a mayar da ɓangaren waje mai faɗin milimita 32 a naɗe shi da rigar hana sanyi. Dillalin unguwa da ya kwana biyu a aiki yana samun irin wannan kiran da yawa a safiyar sanyi guda, kuma ta waya yake warware mafi yawansu.

Wannan ƙaramar asara ce a kuɗi, amma daga nan ɗan haya ya daina ganin akwai wanda ya damu da shi.

Babbar ɓarnar ta faro ne da tabo ruwan ƙasa, faɗin tafin hannu, a silin ɗin kicin. Ɗan haya ya ɗauki hoto ya tura. Aka sa shi cikin ayyukan da ba na gaggawa ba. Da yake ba wanda ke riƙe da makulli, sai an dace da lokacin da ɗan haya ke gida, shi kuma aikin dare yake yi, matarsa ba ta buɗe wa baƙo ƙofa idan ba ya nan. Sau biyu ana ɗaga ranar. Da mai gyaran famfo ya zo, ya tsaya a kicin ya ɗaga kai, ya taɓa tabon ya ji a bushe, ya leƙa banɗaki bai ga ruwa a ƙasa ba, ya rubuta cewa babu yoyo a halin yanzu. Kuɗin ziyara ɗaya aka biya shi, ba zai sake ganin gidan ba, ba kuma wanda zai tambaye shi.

Yadda ake gano irin wannan yoyon sananne ne. A kwance murfin gefen bahon wanka, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashinsa, a haska tocila. A cika bahon a saki ruwan, a ga ko mahaɗar magudana ce ke ɗiga. A cika shi har ramin ambaliya, a duba wannan mahaɗar ma. Sannan a kunna shawa a watsa ruwa a bango inda tayil ya haɗu da bakin baho. A nan ne matsalar take: silikon da ya like wurin ya tsufa ya rabu da bango da tazarar da farce zai shiga, kuma ba ta buɗewa sosai sai mutum ya tsaya a cikin bahon nauyinsa ya danna shi ƙasa. Shi ya sa silin ke jiƙa da safe ya bushe da rana. Gyaran shi ne a kankare tsohon silikon tas, a goge wurin ya bushe, a cika bahon da ruwa kafin a ja sabon layi domin nauyin ya buɗe tazarar yadda za ta kasance lokacin wanka, a bar shi awa 24 ba a taɓa ba. Kwalbar silikon ba ta kai fam 10 ba, aikin kuma bai wuce awa biyu ba.

Bayan mako shida silin ya yi ciki, ruwa ya taru a kwanon fitila, wutar gidan ta riƙa yankewa, daga ƙarshe allon ya rufto kan teburin girki. Sai an sauke silin gaba ɗaya, a busar da katako, a canza allon ƙasan baho da ya ruɓe, a kafa sabon silin a shafe a yi fenti, mai wuta ya gwada layin. Fam 1,600. Inshora ta ƙi biya, kuma tana da hujja: galibin inshorar gida na ɗaukar fashewar bututu farat ɗaya, amma ta cire ɓarnar da ta taru a hankali ko wadda lalacewar silikon ta jawo. Hoton farko da ɗan haya ya tura, mai kwanan wata, shi ya zama shaidar cewa an san da matsalar aka bari.

Zuwan hukuma

Ɗan haya ya kai ƙara sashen kula da gidajen haya na hukumar birni. Jami'in da ya zo yana auna gida ne da ma'aunin dokar gidaje ta 2004, mai nau'in haɗari 29 a lokacin, ciki har da danshi da fumfuna, tsananin sanyi, da haɗarin wuta. Kafin ma ya shiga gidan ya duba rajista, ya ga babu lasisi. Tun watan Yunin 2023 Birmingham ta wajabta lasisi ga gidajen haya masu zaman kansu a mazaɓu 25 na birnin, kan fam 700 na shekara biyar, kuma gidan na cikin ɗaya daga cikinsu. Wasiƙun hukuma sun yi ta zuwa gidan da sunan mai shi, domin adireshin da ke ofishin rajistar filaye bai canza ba tun ranar da ya saya. Ofishin na yarda mutum ya ajiye adireshi har uku, har da na ƙasar waje da na imel, kuma kyauta ake sabuntawa.

Bayar da haya ba lasisi laifi ne da hukuma ke iya cin tararsa har fam 30,000 a lokacin. Tana iya bin wanda ke karɓar hayar ma, amma umarnin mayar wa ɗan haya kuɗinsa, har na wata 12 a lokacin, a kan mai gida yake sauka. Wata takwas da aka yi ba lasisi sun kai fam 7,200, iyakar abin da ɗan haya zai iya nema ke nan, ko da yake kotun gidaje na duba halin kowane ɓangare kafin ta yanke adadi. Haka kuma notis na sashe na 21, na fitar da ɗan haya ba tare da kawo dalili ba, a lokacin ba ya aiki a gidan da ba shi da lasisi. Shigar da cikakkiyar takardar nema na tsayar da laifin daga ranar, don haka shi ne abin da aka fara yi. Nan ma aka ci karo da wani shingen: hukumomi ba sa son ba wa mazaunin ƙetare lasisi sai an naɗa wani a cikin ƙasa da za su iya kamawa, kamfanin intanet ɗin kuma ya ce ba ya cikin aikinsa.

An sasanta da ɗan haya kan yafe hayar wata biyu, fam 1,800. Ya tashi daga baya. Mai gida ya nemi a cire kuɗin kafet da dutsen guga ya ƙona daga kuɗin ajiya, mai sasantawa na hukumar da ke riƙe da kuɗin ya ƙi, saboda kuɗin na ɗan haya ne har sai mai gida ya kawo hujja, hotunan talla kuwa ba su nuna halin kafet a ranar shiga ba. Gidan ya zauna mako biyar ba kowa, kusan fam 1,040, harajin gida na hukumar birni kuma ya dawo kan mai shi a wannan tsakanin. Idan aka haɗa 180 da 1,600 da 1,800 da 1,040, an samu fam 4,620. Ba a sa kuɗin lasisi ba, domin ko ta wace hanya sai ya biya shi.

Da dillalin unguwa ne fa?

Batun lasisi kusan tabbas da bai faru ba. Dillalin da ke da gidaje da dama a waɗannan mazaɓun ya sha cika takardar, kuma kansa ma yake karewa. Adireshi da makulli su ma sun warwaru. Batun yoyo kuwa ya danganta da irin dillalin. Akwai waɗanda ke rubuta duba gida duk wata uku a kwangila amma sai su aiko yaron ofis ya ɗauki hoton falo ya fita. Akwai masu ɗora kamasho a kan kuɗin 'yan kwangila ba su faɗa ba, har gyaran fam 80 ya zo a takarda fam 120. Akwai sharaɗin da ke cewa la'ada na ci gaba muddin ɗan hayar da suka kawo na cikin gida, ko da an raba gari. A 2009 babbar kotu a Landan ta yanke cewa wasu sharuɗɗan la'adar sabunta haya da kamfanin Foxtons ya binne cikin ƙananan rubutu ba su yi wa masu gida adalci ba, kuma har yau irin wannan wurin ya kamata ido ya fara sauka.

A Ingila ba a buƙatar wata shaidar karatu kafin mutum ya buɗe ofishin dillancin haya, saɓanin Wales da Scotland da ke da rajista ta dole. Abin da doka ta tilasta shi ne kasancewa cikin hukumar sauraron koke tun Oktoban 2014, da inshorar kare kuɗin jama'a da ke hannunsa tun Afrilun 2019, da bayyana kuɗin aikinsa a fili tare da VAT. A nemi ganin takardun biyu, a kuma duba sunan a shafin hukumar da ta bayar, kada a tsaya ga hoton da ke manne a taga. Wannan ya shafi kamfanin intanet ma idan kuɗin haya na bi ta asusunsa.

Akwai hanya ta uku da wasu ke bi: kamfanin intanet ya riƙe takardu da karɓar haya, a samu amintaccen mutum a garin ya riƙe makulli ya riƙa leƙawa, ana biyansa. Tana aiki idan mutumin ya san gini kuma an rubuta abin da aka ɗora masa. Ɗan uwa da aka roƙa alfarma yakan yi wata uku da himma, daga nan kunya ta hana a tambaye shi, shi ma ta hana shi cewa ya gaji. A kuma sani cewa idan shi ke karɓar hayar, HMRC na ɗaukarsa a matsayin dillali, nauyin cire kashi 20 ya hau kansa.

Mai gidan ya koma wurin dillalin unguwa, bayan ciniki aka tsaya a kashi 10 da VAT, fam 1,296 a shekara. Ya sa an rubuta duba gida duk wata huɗu da rahoton hotuna da dole ya nuna ƙarƙashin sinki, bakin baho, silin ɗin kicin da agogon matsin boila, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 1 da 1.5 idan ta huce. An ɗaga iyakar gyara ba tambaya zuwa fam 300, aka bar wannan adadin a hannun dillali, da sharaɗin a turo ainihin rasit ɗin mai gyara. Duk abin da ya shafi ɗumi, ruwa ko wuta, dillali na da izinin aikatawa nan take. Kowane ɓangare na iya fita da notis na wata biyu ba tare da la'ada ta bi shi ba. Dillalin ne kuma aka rubuta a matsayin mai kula a takardar lasisi.

Dokar haƙƙin 'yan haya ta 2025 ta ƙara wa waɗannan sharuɗɗan nauyi. Daga 1 ga Mayun 2026 babu sashe na 21, haya ta zama mai tafiya wata-wata, ɗan haya na iya tashi da notis na wata biyu, ƙarin kuɗi sau ɗaya ne a shekara ta hanyar notis na sashe na 13. Bashin da ke wajabta wa alƙali ba da umarnin fitarwa ya tashi daga wata biyu zuwa uku, mayar da haya na iya kaiwa na wata 24, tara kuma fam 40,000. Fitar da ɗan haya ya koma sai da dalili da hujja a gaban kotu, hujjar kuma rahotannin duba gida ne, da tarihin biyan haya, da wasiƙun da aka aika a kan lokaci.

Wajen sauya hannu, a tabbatar kuɗin ajiya ya koma ƙarƙashin sabon dillali a hukumar da ke riƙe da shi, an kuma ba ɗan haya sabon bayani a rubuce. A sauke duk takardu da tarihin ƙorafe-ƙorafe daga manhajar tsohon kamfani kafin a rufe asusun. A sanar da HMRC sunan sabon dillali, domin izinin NRL1 da aka aika wa na farko ba ya bin mai gida da kansa, kuma har sai sabuwar wasiƙa ta iso ofishin, dole ne dillalin ya ci gaba da cire kashi 20.